Laftof ta ƙi hawa wifi ɗin gida

Malam, tunda ka ce wayarka tana hawa wifi ɗin lafiya lau laftof ce kawai ta ƙi, to kar ka fara zargin rawuta, wato na'urar da ke ba da wifi ɗin, tukuna. Duba ko wifi a kunne yake, wasu laftof ɗin suna da ɗan maɓalli a gefe da hannu ke turewa. Sai ka sa ta manta da netwok ɗin ka sake rubuta faswad a hankali, babban baƙi daban ƙarami daban. In kuwa ko sunan wifi ɗin ba ta gani, mai yiwuwa tsufan laftof ɗin ne, zangon wifi na 2.4GHz kawai take kamawa rawutar kuma tana kan na 5GHz, shiga saitin rawuta ka kunna duka biyun. In duk ta ƙi, jona wayarka da laftof ɗin ta USB don ta samu intanet, ka sabunta direban wifi, wato manhajar da ke sarrafa wifi ɗin laftof, a Device Manager na Windows.