Makaranta mai sabon fenti ko tsohuwa mai ɓallallun tagogi: wacce ake karatu a cikinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Tudun Wadan Zariya. 'Yata ta gama firamare bana, za ta shiga ƙaramar sakandare. Mahaifinta ya rasu, ba ni da halin makarantar kuɗi. Akwai makarantun gwamnati biyu da za ta iya zuwa. Ɗaya an gyara ta, an yi fenti da katanga, kuma maƙwabta sun ce bara duk ɗalibanta sun ci jarabawar aji uku. Ɗayar tsohuwa ce, tagoginta ma sun ɓalle, amma wata ƙawata ta ce malamanta suna da ƙoƙari. Ni karatuna na boko a aji shida ya tsaya. Ta yaya zan gane wadda ake karatu da gaske?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinta, ya raya miki ita, ya ba ki ladan riƙon marainiya.

Kafin komai, ki cire maganar aji shidan nan daga ranki. Na yi shekaru ina zagayen duba makarantu a ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, kuma yawancin abin da nake dubawa idan na shiga makaranta, ke ma za ki iya duba shi. Ke 'yar Zazzau ce, kin san makarantar allo. Kin san ba a cewa yaro ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam. Idan ya kasa, ya koma ya ci gaba da maimaitawa. Wannan ma'aunin nake so ki ɗauka ki tafi da shi makarantar boko, domin babbar cutar ƙananan sakandarenmu ita ce ana wanke allo ba a biya ba. Zango ya ƙare, yaro ya wuce aji na gaba, babu wanda ya tsaya ya saurari karatunsa.

Mu fara da jarabawar da maƙwabta suka ba ki labari. Sunanta BECE, wadda mutane ke kira jiniya wayek, ana yin ta ne a ƙarshen aji uku. NECO tana shirya tata, jihohi ma suna shirya tasu. Ba na raina ta, amma jin cewa kowa ya ci bai isa hujja ba. Jarabawa ce da ba kasafai take hana yaro wucewa ba, kuma inda sa ido ya yi rauni akan rubuta wa yara amsa a allo. Idan kin je wurin firinsifal ko mataimakinsa, kada ki tambayi nawa suka ci. Ki tambayi nawa suka sami kiredit a Turanci da Lissafi. Sannan ki ƙara da wannan: yara nawa aka ɗauka aji ɗaya shekara uku da suka wuce, nawa daga cikinsu suka zauna jarabawar? Idan an ɗauki 300, aka wayi gari 170 ne suka kai ƙarshe, to ina sauran 130 suka shiga? Makarantar da take zubar da yara a hanya, musamman mata, sakamakonta na iya yin kyau a takarda, alhali masu raunin ne suka zame. Shugaban da ya san aikinsa zai jawo rajista ya nuna miki ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba ki rabin amsa.

Yanzu ga abin da na fi dogara da shi a duk aikina: littafin rubutun ɗalibi. Ki nemi yarinya 'yar aji biyu daga kowace makarantar, a unguwarku ba za ki rasa ba. Ki ce ta kawo miki littafinta na Lissafi da na Turanci. Ba sai kin fahimci abin da ke ciki ba. Ki dubi kwanan watan da ke saman shafi. Shin darasi yana bin darasi, ko kuwa daga farkon wata sai a tsallaka zuwa ƙarshensa? Ki nemi jan biro. Akwai aikin da aka ba ta ta yi da kanta, malami ya duba, ya ja layi inda ta yi kuskure, ta sake yi a ƙasa? Ko kuwa shafi bayan shafi ne na abin da aka kwafa daga allo, tsaf-tsaf, babu ko ɗigon ja? Littafin da ya cika da kura-kurai da gyara ya fi mini mai tsabta sau goma.

Ba zan manta da wata rana ba, a wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. An yi mata sabon rufi, benci sababbi fil, har ƙanshin fenti bai gama fita ba. Na shiga aji biyu, na ɗauki littafin wata yarinya da ke zaune a layin gaba. Rubutunta kamar an buga da inji. Na yaba mata, na sa yatsa a layin farko na ce ta karanta mini. Ta dubi shafin, ta dube ni, ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan hijabinta. Shekara ɗaya da rabi tana zana haruffa kamar mai zanen hula, ba ta san me suke cewa ba. Ba laifinta ba ne, kuma ita ba daƙiƙiya ba ce. Babu dai wanda ya taɓa cewa ta biya. A makon nan kuma na shiga wata makarantar da iska ta yaye rabin kwanon ajin, yara sun takure a ɓangaren da ke da inuwa. Malamin Lissafi ya tara littattafai sun kai gwiwa a gefen teburinsa, yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa kowa inda ya ɓata. Tun daga ranar na daina bari gini ya yanke mini hukunci.

Wannan ba yana nufin tsohuwar makarantar ce ta fi ba. Akwai tsofaffin gine-ginen da babu karatu a cikinsu, akwai sababbin da ake yi ba kama hannun yaro. Fenti dai shaida ce cewa an kashe kuɗi, ba shaida ba ce cewa an koyar.

Sai ki je da ƙafarki, domin gani ya kori ji. Kada ki je ranar da aka san za a yi baƙi, kada kuma ki je da sassafe lokacin asambuli, sa'ad da kowa ke cikin layi. Ki je ranar Talata ko Laraba, bayan an dawo daga tara, wajen ƙarfe 11. A lokacin ne makaranta take nuna ainihin fuskarta. Ki bi barandar a hankali ki ƙirga: aji nawa ne da malami tsaye a ciki, nawa ne yara ke ta surutu, monita na rubuta sunan masu magana? Ki dubi gindin bishiya ko malamai sun taru ana hira. Ki dubi bakin ƙofa ko yara sun fara sulalewa gida da jakunkunansu. A farkon 2022 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da makarantunta karatun kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, kuma hakan ya sa kowane darasin da aka rasa ya ƙara tsada. Ki leƙa aji ɗaya ki ƙiyasta yawan yaran. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami guda ga yara 35 zuwa 40. Ni na sha ƙirga sama da 100 a ɗaki ɗaya. Malamin da ke da irin wannan ajin har uku ko huɗu, ko waliyyi ne ba zai iya duba littafin kowa ba, saboda haka ki tambaya ko ana raba aji, ko akwai 'yan safe da 'yan rana.

Akwai wani abu da ya keɓanta da garinmu wanda yakan ruɗi iyaye. Zariya gari ne na horar da malamai: ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE), wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi. Duk shekara ɗalibansu suna fitowa koyon koyarwa, su cika makarantu na wasu makonni, ga kuma 'yan bautar ƙasa. Idan kin je a wannan lokacin za ki ga kowane aji da malami, ki yi murna. Bayan sun tafi sai ajin ya koma kango. Ba na kushe su, wasunsu suna da himma ƙwarai, amma baƙo raɓa ne. Ki tambaya kai tsaye: malaman dindindin nawa ne ke koyar da Lissafi, nawa Turanci, nawa Kimiyya? Kuma abin da suka karanta ke nan? Na sha tarar da wanda ya karanci Tarihi an damƙa masa Lissafi don babu kowa. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma ana son malami ya yi rajista da hukumar rajistar malamai, wato TRCN. Sai dai takarda ma ba ta gama magana. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma abin ya nuna mana irin tushen da yara da yawa ke shigowa sakandare da shi.

Wannan ya kawo ni kan 'yarki ita kanta, kuma ina roƙon ki kada ki tsallake wannan. Kafin ki auna makaranta, ki auna yarinyar, don ki san inda ta fara. Ki samo wani ɗan sakandare ko malamin Islamiyyarsu ya zauna da ku. A ba ta labari ɗaya daga jaridar Aminiya ta karanta da ƙarfi, ke da kunnenki za ki ji ko tana tafiya ko tana tuntuɓe. A ba ta ɗan sakin layi daga littafin Turanci na aji huɗu na firamare, ta karanta, sannan ta gaya miki da Hausa abin da ya ce. Wannan fassarar ita ce gwajin, domin akwai masu rera Turanci kamar waƙa ba su san ma'anarsa ba. Sai lissafin da ke kin fi kowa iyawa: mudu 3 na shinkafa, kowanne naira 1,850, an ba mai shago 10,000, nawa ne canji? Ta yi a takarda, ki ga ko za ta kawo 4,450. Ki ajiye takardar, ki sa kwanan wata. Ƙarshen zango na biyu ki sake irin wannan gwajin. Idan ta matsa gaba, makarantar tana aiki, ko da tagoginta a ɓalle suke. Idan tana nan inda take, katin sakamakon da ya ce ta zo ta biyar a aji ba zai amfane ki da komai ba, don ta biyar cikin waɗanda ba a koyar da su ba ce.

Idan kin ga karatunta da rauni tun yanzu, to tambayar da za ki yi wa makarantun biyu ita ce: me kuke yi wa yaron da ya shigo aji ɗaya bai iya karatu ba? Makarantar kirki tana da amsa. Wasu sukan ware irin waɗannan yaran a makonnin farko a koma da su kan baƙi da wasali. Wadda ta ce ai wannan aikin firamare ne, ta gaya miki yadda za ta yi da 'yarki.

Tunda mace ce, gini ma yana da nasa muhimmancin, ba zan ɓoye miki ba. Katanga da mai gadi ba ado ba ne. Ki nemi a nuna miki makewayin 'yan mata, ki ga ko yana da ƙofa, ko akwai ruwa kusa. Shekarun nan uku su ne lokacin da yarinya take fara al'ada, kuma rashin makewayi mai sutura yana sa da yawa su riƙa fashin kwanaki duk wata, har karatun ya fita daga ransu. Ki tambaya ko akwai malama mace da yara ke kai wa kuka. Ki lissafa nisa da kuɗin Keke Napep na wata guda, ki dubi ko sai ta tsallaka babban titi. Makaranta mai kyau da ba za ki iya biyan kuɗin zuwanta kullum ba, ba ta yi miki rana ba.

Batun kuɗi kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi. Duk abin da aka ce ki biya, ki tambayi na mene ne, ki karɓi rasit. Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda ya haɗa iyaye da mai unguwa da malamai da wakiliyar mata. Ki tambayi yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma me suka yanke. Idan iyayen unguwa ba su ma san da shi ba, to a takarda kawai yake.

Da ni ne ke, zan ba maganar ƙawarki nauyi fiye da ta maƙwabta, in dai tana da ɗa a makarantar, domin ita malamai ta yaba, su kuwa sakamako suka ji a bakin wasu. Amma kada ki yanke sai kin riƙe littattafan yaran nan biyu a hannunki. Ki ɗauki hoton shafi uku-uku daga kowanne da wayarki, har da kwanan watan da ke sama, ki turo mini ta inda kika aiko da wannan tambayar. Zan duba, in gaya miki abin da na gani, in Allah ya yarda.