Ki daure ki kai ɗakin Crooks

Malama, kin tambaya ko littafin John Steinbeck, Of Mice and Men, ya cancanci yabon da ake yi masa, tunda kin kai rabinsa kina ganin labarin leburori biyu ne kawai. Ni ma haka na ɗauke shi a karon farko, ina ɗalibi. Lennie ne ya ja hankalina, ƙato mai tunanin yaro, da George da ke ɗawainiya da shi daga gona zuwa gona a kwarin Salinas na Kalifoniya, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka da ta biyo bayan 1929. Littafin ya fito a 1937, kuma gonar da suka samu aiki a cikin labarin tana kusa da garin Soledad, wanda a Sifaniyanci ma'anarsa kaɗaici.

Sai da aiki ya raba ni da iyalina na tsawon lokaci na sake ɗaukarsa, a nan ne babi na huɗu ya tsaya mini a rai. Crooks, baƙar fata mai kula da dawaki, an hana shi ɗakin kwanan ma'aikata saboda launin fatarsa, don haka yana zaune shi kaɗai a ɗakin kayan doki da 'yan littattafansa. Da Lennie ya shigo, ya fara da korarsa, sannan ya shiga tsoratar da shi cewa wataƙila George ba zai dawo ba, wato wanda aka daɗe ana dannewa ya samu wanda ya fi shi rauni. Amma da ya ji kuɗin gonar da George da Lennie suke mafarkin saya a kan dala 600 sun kusa haɗuwa, albarkacin dala 350 na tsoho Candy mai sharar ɗakin ma'aikata, sai ya roƙi a tafi da shi ko ba albashi. Ana cikin haka matar Curley, ɗan mai gonar da suke aiki, ta shigo, ta tuna masa cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rataye shi a bishiya, kuma kafin a watse ya janye roƙonsa.

Ita ma, wadda marubucin bai ko ba ta suna ba, rashin abokin hira ne yake kai ta wurin mazan, ko da yake a ganina ya jinkirta nuna mana hakan har kusan ƙarshe. Idan kin tsaya a inda Carlson, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya harbe tsohon karen Candy, ki riƙe yadda aka yi harbin a zuciyarki, domin zai dawo miki a shafukan ƙarshe.