Kada ki ajiye na'urar tukuna, ƙanwata

Wa alaikumus salam. Ƙanwata da kika rubuto daga Garwa cewa na'urar jinki sai fito take yi, batir ba ya jimawa, a taro kuma hayaniya kawai kike ji: wallahi ciwon nan namu ne duka.

Fiton yawanci daga robar kunne yake. In ba ta zauna daram ba, sautin yakan tsiyayo ya koma makirfo. Mu da rashin jinmu ya haura desibel 70 (ma'aunin ƙarfin sauti) ana ƙara mana ƙarfi sosai, don haka 'yar kafa kaɗan ta isa. A ɗauki awon kunnenki a yi miki sabuwa mai laushi. Ki matsa siririn tiyon da ya haɗa robar da na'urar, in ya yi tauri ko ya koma rawaya a canza shi, galibi duk wata 3 zuwa 6. Dauɗar kunne ma tana jawo fito. Likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, shi ne zai cire, ban da tsinke.

Abin da ke ƙona mini rai masu sayar da abin ƙara sauti ne a kasuwa da sunan na'urar ji. Ba awo, ba saiti, su karɓe kuɗin bawan Allah su ce "saka ka ji". Shi abin nan komai yake ɗagawa bai ɗaya, ƙarar mashin da kukan yaro da maganar da kike nema, alhali da yawanmu siraran sautuka irin "s" da "sh" ne suka fi ɓace mana. Sai a gida a ce yarinya ta ƙi sawa, an yi asarar kuɗi, a yi ta mata gori a gaban baƙi. Ita da aka cuta ita ke shan faɗa! In taki daga can take, ba ta da gyara, sai an auna jinki an saita wata.

Batir kuwa, lamba 675 mai shuɗiyar takarda ko 13 mai ruwan lemo, da iska yake aiki. Kin ɓare takardar, ki bar shi minti ɗaya kafin ki saka, kuma kada ki ɓare na ajiya, don zai fara ƙarewa ko ba ki sa ba. Zufar Afrilu da ƙurar hunturu suna kashe na'ura. Da dare ki cire batir, ki goge ta da busasshen ƙyalle, ki rufe ta a kwalba da ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi.

A taro ki juya wa hayaniya baya, ki zauna inda haske ke faɗa wa fuskar mai magana. Ki ce a yi a hankali, ihu ɓata kalma yake yi.