Tambayoyin Masu Karatu: Taya Sabuwa, Ba Ƙusa, Amma Iska Tana Zurarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, motata tana da rim masu ƙyallin kurom, haka na saye ta. Tayar baya ta hagu ta hana ni sakat. In na sa mata iska 33 ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo ta sauka zuwa 25 ko 26. Mai faci ya duba bai ga ƙusa ba, ya canza bawul, ba ta daina ba. Na haƙura na sayi sabuwar taya, ita ma ga ta nan tana sacewa. Yanzu wani ya ce in sa tiyub a ciki, wani kuma ya ce in sayi ruwan nan na gwangwani da ake ɗurawa ta bawul. Wanne zan bi? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Tun da ka canza taya ka canza bawul, abu ɗaya ne ya rage wanda ba a taɓa ba, shi ne rim. Kuma irin rim ɗinka ya yi suna da wannan ciwo.

Kowace taya tana rage iska ko da lafiyarta lau, domin iska na ratsa roba a hankali. Amma wannan ba ya wuce psi 1 zuwa 3 a wata (psi shi ne ma'aunin iskar taya, irin lambar nan 33 da ka ambata). Sanyi ma yana sauke geji, kusan psi 1 duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 5 ko 6 a ma'aunin Celsius. Kai kuwa 7 ko 8 kake rasawa a mako. Wannan yoyo ne.

Taya marar tiyub ba ta da abin da ke riƙe mata iska sai mannewar leɓenta a jikin rim. Wurin nan dole ya zama sumul. Yawancin rim ɗin da muke kira na kurom alminiyam ne a ciki, an shafe shi da jan ƙarfe, aka bi da nikel, sannan aka rufe da kurom mai siririn gaske. Ranar da ƙarfen cire taya ya karce wannan shafi, ko dalmar balansin da ake maƙalawa a baki ta cije shi, ruwa ya samu ƙofa. Da zarar ruwa ya haɗa alminiyam da waɗannan ƙarafa na sama, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, kuma in da gishiri a ruwan abin ya fi sauri. Tsatsarsa ba ja ba ce, farin gari ce, tana kumbura daga ƙasa tana ɗaga kurom ɗin har ya fara ɓarewa. Ta waɗannan ƙananan hanyoyi iska ke silalewa. Shi ya sa fuskar rim za ta yi ta sheƙi, cikin kuwa ya ruɓe. Ruwan ma ba sai na sama ba: kwamfuresar da ba a zubar mata da ruwan tanki tana hura damshi cikin taya duk lokacin da aka sa iska.

Kafin ka kashe ko kwabo, tabbatar da idonka. A ciro tayar daga mota, a cika ta da iska, a kwantar da ita. Zuba ruwan sabulu a duk zagayen da roba ta haɗu da rim, da gindin bawul, da bakinsa. Sai ka jira. Nan ake yawan yin kuskure, a zuba, a leƙa, a ce ba komai. Ƙaramin yoyo ba ya tafasa, kumfa ce 'yar mitsitsiya da ke taruwa bayan minti biyar ko goma. Juya tayar ka gwada ɗaya gefen, domin gefen ciki, wanda ba ka gani, shi ya fi shan laka da ruwa. Inda ka ga kumfa, sa alama da alli.

Gyaran kuwa dole sai an raba taya da rim gaba ɗaya. Ban yarda da aikin da ake danne leɓen taya kaɗan a cusa gam a sake ba. Shafa gam a kan tsatsa kamar fenti ne a kan bango mai ɓarewa, zai riƙe na wata ɗaya ko biyu, sannan ka dawo inda kake. A kankare duk kurom ɗin da ya ɗago da buroshin waya, a bi da sanfefa mai kaushi, kamar lamba 80 ko 120, a gama da mai laushi, har sai an kai ga tsabtataccen ƙarfe. Gwada da farce: in farcenka ya maƙale a gaɓar da kurom ya ƙare, aiki bai ƙare ba. A zagaye rim ɗin duka, ba wurin alama kaɗai ba, a kuma goge ramin bawul, don shi ma yana cinyewa. Mai aikin ya sa tabarau da abin rufe hanci da safar hannu, ɓawon kurom yana yanka kamar reza. Amma kada ya zurfafa da injin gurza har ya yi kwari a wurin, wannan sabon yoyo ne.

Ɓangaren da ake yawan tsallakewa shi ne rufe ƙarfen da aka tone. In an bar shi tsirara, tsatsa za ta dawo. A wanke, a bar shi ya bushe sarai. In akwai ƙananan ramuka, a cike su da gam mai haɗi biyu irin na ƙarfe, ya bushe a goge ya yi daidai. Sai a fesa fenti siriri. Bayan nan ne baƙin gam na leɓen taya yake da amfani, shafi ɗaya ba mai kauri ba. Leɓen tayar ma a goge shi, domin ɓurɓushin kurom na manne masa. Wajen mayar da taya a yi amfani da man da aka yi don haka. Giris da baƙin mai suna lalata roba, kada ka bari a shafa. Wajen hura iskar da za ta zaunar da leɓen taya a jikin rim kuma, kada a wuce psi 40. A sa sabon bawul, a yi balansin da dalma mai mannewa daga ciki, ba mai cizon baki ba. Sannan a sake gwajin sabulu kafin ka tafi.

Ruwan gwangwani an yi shi ne don ya fitar da kai daga hanya in ƙusa ta huda ka. Idan taya na juyawa, ruwan yana komawa can ƙarƙashin inda taya ke taka ƙasa, ba ya zama a leɓe inda matsalarka take. Ga shi yana ƙara damshi a kan rim da tuni yake cinyewa, yana kuma iya toshe na'urar auna iska in motarka tana da ita a bawul. Tiyub ma ba na ba da shawararsa. Cikin taya marar tiyub ba sumul yake ba, yana gogar tiyub ɗin yana haɗa zafi, ga ɓawon kurom mai kaifi. Ranar da ya fashe, iska za ta fita lokaci guda, ba a hankali ba.

Idan kumfa ta fito daga jikin rim ɗin kansa, ba daga baki ba, to ko dai tsagewa ce daga faɗawa rami, ko ƙananan huji tun daga wajen zubin ƙarfen da aka ƙera rim ɗin. Ƙananan hujin ana iya toshe su daga ciki. Rim da ya tsage kuwa, ni dai canzawa nake cewa a yi, ba walda ba. Haka ma wanda tsatsa ta ci bakinsa ya yi siriri.

Ka sa a duba sauran ukun tun yanzu, shekarunsu ɗaya da wannan. Kafin a yi gyaran, ka riƙa auna iska da safe taya na sanyi, ka bi adadin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba. Kada ka hau doguwar hanya da iska 25, taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe.