Me "hallaka" take nufi a Helenancin Sabon Alkawari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki gardama ta kaure kan Matiyu 7:13, inda Yesu ya ce hanya mai faɗi tana kaiwa ga hallaka. Wasu sun ce mutum zai shuɗe ne kwata-kwata, kamar ba a taɓa yin sa ba. Wasu kuma sun ce azaba ce marar ƙarewa. Me kalmar asali take cewa?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Kalmar da ke wannan aya ita ce apoleya, daga aikatau apollumi ta fito, kuma ba ta kai sau ashirin da ɗaya ba a duk Sabon Alkawari. Kafin ki kai ta ranar shari'a, fara ganin ta a gidan Saminu kuturu a Betanya. Mace ta fasa tulu ta tsiyaye man nardi mai tsada a kan Yesu, waɗansu suka yi gunaguni cewa ina amfanin wannan ɓarna, ai da an sayar da shi fiye da dinari 300. "Ɓarnar" da ke Markus 14:4 da Matiyu 26:8, apoleya ce. Man bai daina kasancewa ba, ƙanshinsa ma ya cika gidan. A ganinsu dai ya tafi a banza.

Haka aikatau ɗin yake a Luka 15. Tunkiyar da ta ɓata, kuɗin azurfar da matar ta share ɗaki tana nema da fitila, ɗan da ya ƙare a kiwon aladu, duk apollumi ne, kuma duk an same su. Salkunan da sabon ruwan inabi ya fasa a Luka 5:37 su ma haka: fatar tana nan, amfaninta ne ya tafi.

Amma kada masu cewa azaba ce marar ƙarewa a ajin naku su yi saurin tafi. Kalmar apollumi tana nufin kisa ƙarara a wurare da yawa. Da ita aka ce Hirudus yana neman jaririn ya hallaka shi a Matiyu 2:13, da ita almajirai suka yi kururuwa cikin jirgi sa'ad da hadari ya taso.

Apoleya tana da 'yar'uwa, oleteros, wadda ta zo sau 4 kacal, duk a wasiƙun Bulus. A 1 Timoti 6:9 ya haɗa su biyun don masu kwaɗayin arziki. Af, ga wani abin lura: Yahuza, wanda Yahaya 12 ya nuna shi ne ya yi ƙorafi kan man nan, shi ne ake nufi da ɗan apoleya a Yahaya 17:12.

A ra'ayina, duk wanda ya ce kalmar nan ita kaɗai ta raba muku gardama ya ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Abin da take faɗa tabbas shi ne asara mai girma da lalacewa. Tsawon lokacin kuwa, sai ayoyin da ke kewaye. Yawancin ikkilisiyoyi tun da can sun tsaya kan hukunci marar ƙarewa, suna dogara ga Matiyu 25:46 da Wahayi 20:10. Masu cewa mutum zai shuɗe ne, irin ra'ayin da malamin nan na Ingila John Stott ya karkata gare shi a 1988, sukan kawo Matiyu 10:28 da Romawa 6:23. Ku buɗe waɗannan huɗun a zamanku na gaba, ku karanta kowacce da surarta gaba ɗaya.