Kafin ka sayi ɗan jirgin nan

Ɗana, ɗazu da ka tare ni da maganar nan ina kan gyaran kyamarar mutane, ƙananan sukurori zube a gabana, shi ya sa na ce ka bari sai dare. Ka ce ka tara 'yan riyalolinka kana son sayen ɗan jirgi mara matuƙi mai kyamara, irin DJI Mini, don nishaɗi kawai, kuma wani ya gaya maka tunda bai kai giram 250 ba babu ruwansa da takarda. Ka ce burinka ka ɗauko ruwan Sarki Fahad da ke feshi sama a Kornish, bakin tekun nan Jidda, da magariba, in ka je Umara kuma ka samo Harami daga sama.

To, wurare biyun nan da ka ambata, ka cire su daga ranka tun yanzu. Sararin Harami, na Makka da na Madina, ba wurin wasan kowa ba ne. Hotunan da kake gani daga sama masu izini na musamman ne suka ɗauka. Ruwan Sarki Fahad kuwa yana tashi sama da mita 250, kai kuma iyakarka a doka mita 120, sannan ga fadar Salam nan daf da shi. Ka tashi abu mai kyamara a gefen fadar sarki, wa zai tsaya jin cewa nishaɗi kake?

Kai ba ka iso Jidda ba lokacin, amma ni ina tuna daren wata Asabar a watan Afrilun 2018, da aka ji harbe-harbe a unguwar Khuzama a Riyad. Gari ya ɗauka, kowa da abin da yake faɗa a WhatsApp. Daga baya aka ce ɗan jirgin wasa ne ya shiga inda bai kamata ba, jami'an tsaro suka harbo shi. Bayan nan ne, a farkon 2019, hukumar jiragen sama ta Saudiyya, wadda ake kira GACA, ta buɗe hanyar rajista da neman izini ta intanet. A watan Satumba na shekarar kuma aka kai hari da jirage marasa matuƙa kan ma'aikatar man Aramco a Abƙaiƙ da Khurais. Saboda haka askar, wato jami'in tsaro, da ya ji ƙugin farfela a saman kansa, abin da yake tunawa ke nan. Kai kana ganin abin wasa, shi yana ganin abin da aka ce ya sa wa ido.

Maganar giram 250 kuwa, wanda ya gaya maka ya ji ƙira ne bai ga maƙera ba. Kamfanin ya ƙera shi a giram 249 da gangan, saboda a Amurka da ƙasashe da yawa daga 250 ne ake wajabta rajista. Amma rashin nauyi bai ba ka izinin tashi kusa da filin jirgi ba, bai ba ka izinin bi ta kan mutane ba, bai kuma ɗauke maka dokar hoto ba. Ko batir mai girma ka sa masa, ko kejin farfela, ya haura 250 ɗin ma. Abin da nake so ka yi, ka buɗe asusu a wurin GACA da igamarka, wato katinka na izinin zama, ka shigar da samfurin jirgin da lambar jikinsa, ka bi abin da suka nema. Izinin da ya fito ka ajiye a waya, ka buga a takarda ka sa cikin jakar jirgin. Ranar da aka tsayar da kai, takardar ce za ta yi magana, Larabcinka ba zai isa ba. Ka kuma saya a nan, a shagon da zai ba ka rasit mai lambar jiki. Kada ka sa wani ɗan'uwa ya ɗauko maka a jaka daga Kano ko Dubai don ya fi araha, kwastan na iya riƙe shi a filin jirgi, ka yi biyu babu.

Mu baƙi ne masu zama da igama. Abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida, mu yana iya kai mu tarhil, wato a kore mu daga ƙasar. Ka san wannan ba sai na ja ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don shi ne ke kama yara irinka, kuma ba a rubuce yake a jikin kwali ba. A gida Kano, ko yaron da ya fara tasawa ya san in an rubuta "ba shiga" a ƙofar gida, soro ne iyakarsa. Mutanen nan sun fi mu tsanani a wannan. Dubi yadda suke ɗaga katanga, har rufin bene suke zagayewa, saboda iyali na hawa su sha iska, su yi shanya. Shi kuma ɗan jirgin nan ido ne da ke tsallake katanga ba sallama. Na taɓa tashinsa a wata istiraha, wato gidan hutu, da muka kama a bayan gari, ina gwada sabon batir, ban ma danna ɗauka ba. Minti biyar ba a yi ba sai ga bugun ƙofa kamar za a ɓalle ta. Dattijo ne daga istirahar da ke maƙwabtaka da mu, fuskarsa ta yi ja, ashe matansa da 'ya'yansa na zaune a tsakar gida. Sai da na zare katin na buɗe masa hotunan ɗaya bayan ɗaya a gabansa, na ba shi haƙuri har na gaji, sannan ya mayar da wayarsa aljihu. Da ya kira hukuma, dokar laifukan intanet ta 2007 tana nan: keta sirrin mutane da kyamara na iya kai mutum ɗaurin shekara guda, ko tarar da za ta kai riyal 500,000, ko duka biyun.

Wani abu kuma. Ranar da wani ya ba ka ko riyal hamsin ka ɗauko masa taron biki ko gidan da yake ginawa, ka fita daga nishaɗi, ka shiga sana'a. Wannan sai da lasisin matuƙi, da jarrabawa, ƙarƙashin sashe na 107 na dokokin GACA. In ka kai nan za mu zauna.

Tuƙin kansa ba wuya, yaron da ya iya wasan waya zai iya a yini ɗaya. Garin nan ne ke cin jirage. An rubuta masa iyakar zafi digiri 40, mu kuwa da rani mun san abin da muke gani da azahar. Kada ka bar batir a mota. Na ga wanda ya kumbura kamar fanke har ya ƙi shiga raminsa, kuma irin wannan ba a cajinsa, wuta yake kamawa. In ka sauko, bar shi ya huce kafin ka jona. Kwali zai ce maka minti talatin da wani abu, kai ka lissafa ashirin, batir na kaiwa kashi talatin ka juyo gida. Yashi kuma yana shiga injin farfela da mariƙin kyamara, don haka ka shimfiɗa tabarma ko kwali ka tashi a kai. Kada ka tashi daga kan mota, ƙarfe yana rikita masa kamfas. Ka jira ya kama taurarin ɗan'adam ya ce ya riƙe wurin tashi, in ba haka ba ranar da rimot ya yanke, bai san inda zai koma ba.

Sai iskar arewa da ke tasowa da la'asar. A ƙasa za ka ji ta kaɗan, a mita ɗari sama wani abu ne daban, kuma ɗan jirgin nan bai iya jure fiye da kilomita 38 a awa. Ka fita kana fuskantar iska, ka dawo tana tura ka. Wanda ya yi akasin haka zai tsaya yana kallon batir na sauka a fuskar waya, jirgi na ta kokawa a wuri ɗaya. Kuma idonka a kansa koyaushe. In ba ka ganinsa sai a waya, ka karya doka, ka kuma kusa rasa shi.

Arewacin gari, wajen Abhur, ka manta da shi, filin jirgin Sarki Abdul'aziz na nan kusa. In takardarka ta fito, mu duba wurin da aka yarda, mu fita ranar Juma'a bayan asuba kafin rana ta ɗaga. Da nawa tsohon za ka fara, wanda ya riga ya sha faɗuwa. Gobe in ka zo shago ka taho da igamarka, mu buɗe asusun tare kafin kwastomomi su fara shigowa.