Me ya sa birina yake tsige gashin jikinsa?

Malam, ka ce jan birin da ka ɗaure a tsakar gida ya fara tsige gashin hannunsa, yana ta kai-komo iya tsawon igiyarsa. In dai ba ka ga ƙuraje a fatar ba, kaɗaici ne da zaman banza.

Biri a garke yake rayuwa. Safe da yamma neman abinci, rana ta take a fake a inuwa ana duba wa juna gashi, wanda shi ne zumuncinsu. Naka wa zai duba? Na taɓa riƙon wani, sai da na daina zuba masa abinci a kwano, na koma watsa gyaɗa cikin ƙaiƙayi yana wuni tono, sannan tsigar ta ragu. Ba ta daina gaba ɗaya ba fa.